Ajiyar da ba a taɓawa: Me ya sa kwamfuta ke killace wani sashe na ƙwaƙwalwarta domin ranar da za ta durƙushe?

Da ƙarfe 4:09 na asubahin Juma'a 19 ga watan Yulin 2024 agogon GMT, wato biyar da minti tara agogon Najeriya da Nijar, kamfanin tsaron intanet na CrowdStrike da ke Amurka ya aika wa kwamfutocin abokan cinikinsa wani ɗan ƙaramin fayil na sabunta manhajarsa. Bayan minti 78 kamfanin ya janye fayil ɗin, amma kafin nan aikin gama ya riga ya gama.

Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 masu amfani da manhajar Windows ne suka durƙushe. Adadin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kwamfutocin Windows da ke duniya ba, sai dai akasarinsu na manyan ma'aikatu ne da jama'a suka dogara da su. An dakatar da tashin jirage a filin jirgin saman Berlin, gidan talabijin na Sky News ya ɗauke na wani lokaci, likitocin unguwanni a Ingila sun kasa buɗe bayanan marasa lafiya. Kamfanin jiragen sama na Delta kaɗai ya soke kusan jirage 7,000 cikin kwana biyar.

An yi ta sharhi kan girman asarar da aka tafka. Abin da bai samu kulawa sosai ba shi ne saurin da aka yi wajen gano bakin zaren. Cikin 'yan sa'o'i aka san fayil ɗin da ya jawo matsalar. Bayan kwana takwas Microsoft ya wallafa bayanin daidai gurbin da manhajar CrowdStrike ta yi tuntuɓe, kuma ya ce ya samo hakan ne daga rahotannin da kwamfutocin suka rubuta da kansu a daidai lokacin da suke faɗuwa.

Irin wannan shaida ana samunta ne kawai idan an yi mata tanadi tun kwamfuta na cikin ƙoshin lafiya. Tanadin kuma yana da farashi, domin a manyan kwamfutocin da ke riƙe da bankuna da kamfanonin sadarwa, wani yanki ne na ƙwaƙwalwar na'ura ake ware wa wannan aiki, a hana kowa taɓa shi. Yanzu da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi tsada a kasuwannin duniya, an dawo da tsohuwar muhawara: shin wannan ajiya ta cancanci abin da take ci?

Idan zuciyar kwamfuta ta tsaya

Kowace kwamfuta da kowace wayar zamani na da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, kamar Windows ko Android ko Linux. A tsakiyar wannan babbar manhaja akwai wata ƙwaya da masana ke kira kanel. Shi ne ke raba wa sauran manhajoji ƙwaƙwalwar aiki da aka fi sani da RAM, shi ke tsara wanda zai yi aiki yanzu da wanda zai jira, kuma ta hannunsa ake magana da faifan ajiya da allo da layin intanet.

Idan manhaja ta yau da kullum ta samu matsala, misali WhatsApp ko manhajar kallon bidiyo, kanel ne ke rufe ta, mai waya ya sake buɗewa ya ci gaba da harkarsa. Idan kuwa kanel ɗin ne da kansa ya yi kuskure, babu wani a samansa da zai gyara masa. Masu ƙirar manhajoji sun daɗe da yanke shawarar cewa a irin wannan hali gara komai ya tsaya cak. Kanel ɗin da ya rikice, idan aka bar shi ya ci gaba, yana iya rubuta lissafin banki a gurbin da ba nasa ba, ko ya lalata bayanan da ke kan faifai ba tare da kowa ya ankara ba.

Wannan tsayuwa ita ce shuɗin allon da masu Windows suka sani. Manhajar CrowdStrike kuwa tana da wani sashe da ke aiki a cikin kanel, domin daga nan ne take iya ganin duk wani motsi na masu kutse. Rahoton binciken da kamfanin ya fitar ranar 6 ga watan Agustan 2024 ya nuna cewa sabon fayil ɗin ya sa manhajar ta nemi bayanai guda 21, alhali guda 20 aka tanadar mata. Da ta miƙa hannu neman na 21, sai ta faɗa wani sashe na ƙwaƙwalwa da ba ta da izinin karantawa, kanel ya tsaya.

Matsalar mai bincike a nan ita ce, duk abin da zai bayyana yadda aka yi yana cikin RAM, ita kuma RAM ba ta riƙe komai idan aka kashe na'ura aka sake kunnawa. Dole ne a kwafe abin da ke cikinta zuwa faifai a 'yan daƙiƙoƙin da ke tsakanin faɗuwa da sake tashi. To amma wa zai yi wannan kwafi, tun da kanel ɗin da ya saba yin irin wannan aiki shi ne a kwance?

Hanyoyi biyu

Windows na yin nasa shiri tun lokacin kunnawa. Yana ajiye wani kwafi na daban na ƙaramar manhajar da ke magana da faifai, ya kuma riƙe taswirar wurin da zai rubuta bayanai. Idan masifa ta auku, ragowar kanel ɗin da ya faɗi ne ke amfani da waɗannan kayan ya rubuta abin da zai iya. Lissafin kashi cikin ɗari da ke gudu a ƙasan shuɗin allo alama ce ta wannan aiki.

A ɓangaren Linux an fara da makamanciyar wannan hanya, amma injiniyoyi suka ga tana yawan ba su kunya. Neman kanel ɗin da ya rikice ya ba da labarin rikicewarsa daidai yake da neman direban da ya suma a hatsari ya tuƙa kansa zuwa asibiti. Wani lokaci ya iya, wani lokaci kuma ya ƙara ɓarna a kan wadda aka yi.

A shekarar 2005 aka shigar da wata sabuwar dabara mai suna kdump cikin Linux, a sigar 2.6.13, kuma injiniyoyin da suka yi aikin, ciki har da na kamfanin IBM, sun gabatar da ita a taron masana Linux na birnin Ottawa da ke Kanada a wannan shekara. Dabarar ita ce a ajiye kanel na biyu yana jira. Da zarar an kunna kwamfuta, kafin kowace manhaja ta samu rabonta, sai a yanki wani sashe na RAM a killace shi. Mai kula da na'urar ne ke faɗin girman sashen ta wani umarni da ake rubutawa crashkernel. A cikin wannan killataccen wuri ake ɗora ƙaramin kanel tare da 'yan kayan aikinsa, sannan a bar shi kwance, ba ya yin komai.

Ranar da babban kanel ya faɗi, aikinsa na ƙarshe shi ne ya miƙa ragama ga ƙaramin. Shi kuma ya tashi a cikin ɗan wurin da aka ware masa, ba tare da an kashe na'urar ba, don haka duk abin da ke cikin sauran RAM yana nan yadda faɗuwar ta same shi. Sai ya kwafe shi zuwa faifai ko ya aika wa wata kwamfuta ta layin sadarwa, daga nan ya sake kunna na'urar ta koma aiki.

Muhimmancin wannan ya wuce duniyar masana. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a birnin Helsinki, shi ke tafiyar da kaso mai yawa na manyan kwamfutocin da intanet ke tsaye a kansu. Tun daga watan Nuwamban 2017, dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da shi suke aiki. Wayar Android da ke hannun mai karanta wannan sharhi, ko a Kumasi yake ko a Jidda ko a Landan, ita ma a kan kanel ɗin Linux aka gina ta. Wayoyin da yawa na ware wani ɗan mitsitsin sashe na RAM inda kanel ke barin saƙonninsa na ƙarshe kafin ya faɗi, domin a karanta bayan wayar ta sake tashi.

Me ya hana a bari sai ranar ta zo?

Tambayar da mai hankali zai yi ita ce, me ya sa ba za a bari a yi amfani da RAM ɗin duka ba, in ya so ranar da matsala ta zo sai a nemi wurin da babu kowa a ɗora ƙaramin kanel?

Dalili na farko shi ne, wanda zai nemo wurin shi ne kanel ɗin da ba a yarda da hankalinsa ba a wannan lokaci. Littafin da yake rubuta rabon ƙwaƙwalwa a ciki yana iya zama shi ne abin da ya lalace.

Dalili na biyu ya fi wannan zurfi. Wasu sassan kwamfuta, kamar katin sadarwa da na'urar sarrafa faifai, suna da izinin zuba bayanai kai tsaye cikin RAM ba tare da sun bi ta hannun kanel a kowane lokaci ba. Idan kanel ya faɗi, waɗannan sassa ba su da labari. Suna ci gaba da sauke kaya a inda aka ce su sauke tun farko. Idan ƙaramin kanel ya tashi a wurin da katin sadarwa ke zuba saƙonni, za a rubuta a kansa, shi ma ya faɗi, shaidar ta tafi ke nan. Wurin da za a iya amincewa da shi shi ne wanda ba a taɓa ba wa kowa adireshinsa ba tun da aka kunna na'urar.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. A wannan fanni maganar ta zama doka ta injiniyanci: shawarar da ba a yanke ba a daƙiƙar farko ta kunna kwamfuta, ba za a iya yanke ta ba a daƙiƙar ƙarshe.

Nawa ne kuɗin wannan tanadi?

Kamfanin Red Hat, wanda manyan ma'aikatu da dama ke amfani da nau'in Linux ɗinsa, ya tsara ma'auni a sigarsa ta tara domin kwamfutoci na gama-gari. Na'urar da RAM ɗinta ke tsakanin gigabait 1 zuwa 4 za a ware mata megabait 192. Daga gigabait 4 zuwa 64 a ware megabait 256. Abin da ya haura haka a ware megabait 512.

Ga babbar kwamfuta mai ɗaruruwan gigabait, wannan ba abin a zo a gani ba ne. Nauyin ya fi faɗa wa ƙananan na'urori. Ƙaramin kamfani ko sashen jami'a da ya yi hayar kwamfuta mai gigabait ɗaya ta intanet, idan ya kunna wannan tsari, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya biya zai zauna ba aiki. Shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi ke yawan kashe shi, alhali su ne ba su da injiniyoyin da za su gano musu matsala ta wata hanyar.

Manyan kamfanoni kuma lissafinsu na yawa ne. A ɗauki misalin kamfani mai kwamfutoci 100,000, kowacce an ware mata megabait 512. Jimillar ta kai gigabait 50,000 na ƙwaƙwalwar da aka saya, ake ba ta wutar lantarki dare da rana, kuma mafi yawanta ba za a taɓa buƙatarta ba har na'urorin su tsufa. Ma'ajin kamfani da ya ga wannan adadi dole ya yi tambaya.

Tambayar ta ƙara ƙarfi daga rabin ƙarshe na 2025, lokacin da farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi. Kamfanoni uku ne ke samar da mafi yawan wannan kaya a duniya, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, kuma duka sun karkata ga biyan buƙatar cibiyoyin da ke gina ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke saye da yawa a farashi mai tsoka. A watan Disamban 2025 Micron ya sanar cewa zai daina sayar da kayansa na Crucial da ɗaiɗaikun masu kwamfuta suka saba saya. Duk lokacin da hatsi ya yi tsada, ido kan koma kan irin shuka da ke rataye a rumbu.

Ragewa ma tana da nata hatsari. Ƙaramin kanel na buƙatar isasshen wuri domin ya tada faifai da layin sadarwa, kuma na'ura mai kayan haɗi da yawa ta fi cin wuri. Idan aka tsuke ajiyar fiye da kima, babu wata alama da za a gani a ranakun lafiya. Sai ranar da aka faɗi ne ƙaramin kanel zai tashi, wuri ya ƙare masa a tsakiyar aiki, ya mutu bai rubuta komai ba. An biya kuɗin tanadin shekara da shekaru, ba a ci moriyarsa ba. Don haka ne littattafan koyar da aikin ke ba da shawarar a kada kwamfutar da gangan, a lokacin da ba ta ɗauke da aikin jama'a, a tabbatar cewa kwafin ya fito.

Akwai kuma farashin lokaci. Yayin da ƙaramin kanel ke kwafi, na'urar ba ta yi wa kowa hidima. A kwamfuta mai ƙwaƙwalwa mai yawa hakan na iya ɗaukar mintuna masu yawa. Manajan da abokan ciniki ke kira suna ƙorafi so yake a sake kunnawa yanzu, injiniya kuma so yake a jira shaida ta kammala, domin ya san cewa matsalar da ba a gano sanadinta ba za ta dawo.

Ba da aron ajiya

Masu haɓaka Linux sun shafe shekaru suna neman hanyar rage wannan asara. A sigar 6.17 da ta fito a ƙarshen watan Satumban 2025 an karɓi wata mafita da wani injiniyan kamfanin SUSE mai tushe a Jamus ya gabatar. Ta ginu ne kan wata tsohuwar dabara da injiniyoyin Samsung suka shigar a 2012 domin kyamarorin waya, waɗanda ke buƙatar shimfiɗaɗɗen wuri a RAM lokacin ɗaukar hoto kawai.

A sabon tsarin ana raba ajiyar gida biyu. Ƙaramin sashe, inda kanel na biyu ke kwance, yana nan a killace kamar da. Babban sashen kuwa ana ba da aronsa ga manhajoji na yau da kullum su yi aiki da shi. Ranar faɗuwa ƙaramin kanel ya karɓe shi ya shimfiɗa aikinsa.

Wannan sassauci bai zo kyauta ba. Duk abin da manhajojin suka ajiye a sashen aro zai shafe, ba zai shiga cikin shaida ba. An amince da hakan ne saboda yawanci bayanan kanel ake nema, kuma ba a barin kanel ya ajiye muhimman bayanansa a can. Sannan tsohuwar fargaba ta dawo, wato kada wata na'ura ta ci gaba da zuba bayanai a wurin bayan an faɗi. Maganin da aka yi shi ne a jira daƙiƙa goma kafin ƙaramin kanel ya tashi, da fatan duk wani saƙo da ke kan hanya ya gama sauka. Takardun bayanin Linux da kansu sun yi gargaɗi cewa wannan hanya ba ta kai tsohuwar tabbas ba.

Abin da aka samu ke nan: zaɓi na uku tsakanin biyan cikakken farashi da zama babu tanadi ko kaɗan. Ga mai ƙaramar na'ura da a da yake kashe tsarin gaba ɗaya, wannan ci gaba ne. Ga banki ko asibiti, tsohon killacewa ya fi kwanciyar hankali.

Shaidar da ke ɗauke da sirri

Kwafin ƙwaƙwalwa hoto ne na duk abin da kwamfuta ke riƙe da shi a daƙiƙar da ta faɗi. A ciki ana iya samun kalmomin sirri, da makullan ɓoye bayanai, da saƙon da wani yake tsakiyar rubutawa, da bayanan asusun mutane. Idan aka aika wa kamfanin da ya ƙera manhaja domin ya bincika, to an aika masa da waɗannan ma, sau da yawa zuwa wata ƙasa mai wasu dokoki.

Akwai kayan aikin da ke tace kwafin tun wajen rubuta shi, su zubar da shafukan da babu komai da kuma na manhajojin masu amfani, su bar na kanel kaɗai. Hakan na rage girman fayil ɗin ƙwarai, yana kuma rage tonon asiri, ko da yake ba ya kawar da shi duka.

Hanya mafi aminci ita ce a rubuta kwafin a kan faifan da aka kulle da makullin sirri. Nan ma sai batun girman ajiya ya sake tasowa. Tsarin kulle faifai da ake amfani da shi a Linux an ƙera shi da gangan ya ci ƙwaƙwalwa mai yawa wajen buɗewa, har kusan gigabait ɗaya, domin ya wahalar da ɓarawon da ke gwada miliyoyin kalmomin sirri. Ƙaramin kanel mai megabait 256 ba zai iya wannan ba. An daɗe ana fama da zaɓi tsakanin faɗaɗa ajiyar ninki huɗu da barin shaida a buɗe, kafin a samar da hanyar miƙa wa ƙaramin kanel makullin tun kafin a faɗi.

Abin da ajiya ba za ta iya ba

Ya kamata a fayyace iyakar wannan tanadi. Ba ya hana kwamfuta faɗuwa, kuma ba ya gyara abin da ya kada ta. A ranar 19 ga watan Yuli kwamfutocin sun rubuta rahotanninsu, suka sake tashi, suka karanta fayil ɗin nan mai matsala, suka sake faɗuwa. Sai da ma'aikata suka riƙa bin na'urori ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil ɗin da hannu, kuma waɗanda aka kulle faifansu sai an nemo dogon makullin kowacce. Wannan ne ya mayar da kuskuren minti 78 ya zama aikin kwanaki.

Martanin Microsoft ya bi hanyoyi biyu. Na farko, ya fara aiki da kamfanonin tsaro domin fitar da manhajojinsu daga cikin kanel, matakin da Apple ya riga ya ɗauka tun 2020. Na biyu, a watan Nuwamban 2024 ya sanar da wani tsari da zai ba kwamfutar da ta kasa tashi damar shiga wata ƙaramar manhajar ceto, ta haɗu da intanet, ta sauko da gyara da kanta. A 2025 aka fara raba tsarin ga masu Windows 11, kuma a daidai lokacin ne aka mayar da shuɗin allon nan zuwa baƙi.

Wannan manhajar ceto tana zaune ne a wani keɓaɓɓen sashe na faifai, ba a RAM ba, amma tunanin ɗaya ne: a ware wuri tun ana lafiya. Kuma ita ma ta taɓa nuna illar tsuke tanadi. A watan Janairun 2024 wani gyaran tsaro na Windows 10 ya ƙi shiga kwamfutoci da dama saboda sashen ceton ya yi ƙanƙanta, har Microsoft ya buƙaci mutane su ƙara masa megabait 250 da hannunsu. An yanka wurin ne shekaru da suka wuce bisa buƙatar wancan lokaci, buƙata ta ƙaru, wurin bai ƙaru ba.

Wa ke da alhaki?

Batun ya riga ya fita daga ɗakin injiniyoyi ya shiga kotu da majalisa. A watan Satumban 2024 wani babban jami'in CrowdStrike, Adam Meyers, ya bayyana gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya nemi afuwa. A watan Oktoba Delta ya shigar da ƙara a jihar Jojiya yana cewa ya yi asarar sama da dala miliyan 500. CrowdStrike ya mayar da martani cewa tsofaffin na'urorin Delta da yadda ya tafiyar da lamarin ne suka sa ya daɗe bai farfaɗo ba, alhali sauran kamfanonin jirage sun koma aiki da wuri. A irin wannan taƙaddama, abin da na'urori suka rubuta ya fi ƙarfin abin da kowane ɓangare ya tuna.

A Tarayyar Turai, dokar DORA da ta fara aiki ranar 17 ga watan Janairun 2025 ta wajabta wa bankuna da kamfanonin inshora su kai rahoton duk wata babbar katsewar na'urori, kuma rahoton ƙarshe ya bayyana tushen matsalar. Dokar ba ta ambaci kanel ko megabait ba. Amma bankin da kwamfutarsa ta faɗi ba ta bar komai ba, zai sha wuya wajen cika wannan sharaɗi.

A nan ne lamarin ya shafi mutumin da bai taɓa jin sunan kdump ba. Ma'aikacin da ke Birtaniya ko Saudiyya yana aika kuɗi gida, saƙon ya maƙale, aka ce masa na'ura ce ta samu matsala, yana da haƙƙin a gano matsalar a kuma hana ta dawowa mako mai zuwa. Ko za a iya hakan ko ba za a iya ba, ya dogara da wani layi guda da wani ma'aikaci ya rubuta ko ya goge watanni da suka wuce, wataƙila domin ya rage wa kamfani kashe kuɗi.

Masana'antar sufurin jiragen sama ta warware irin wannan gardama tuntuni. Akwatin naɗar bayanai na jirgi yana da nauyi, yana cin wuri, kuma mafi yawan jirage za su gama rayuwarsu ba a taɓa buɗe nasu domin binciken hatsari ba. Duk da haka ba a bar wa kamfanin jirgi zaɓin cire shi ba, saboda darasin hatsari ɗaya yana kare dukkan masu tafiya. A duniyar kwamfuta har yanzu zaɓin na hannun kowane kamfani, kuma wanda ke cin ribar ragewa daban yake da wanda ke shan wahalar katsewa.

Hukumomin da ke sa ido kan bankuna da kamfanonin sadarwa suna da tambayoyin da za su iya yi ba tare da sun zama injiniyoyi ba. Shin manyan kwamfutocinku na ajiye shaida idan sun faɗi? Yaushe kuka gwada hakan na ƙarshe? Wa ke da izinin ganin abin da ke cikin kwafin, kuma a wace ƙasa ake ajiye shi? Muddin farashin RAM na sama, matsin lambar a taɓa wannan ajiya zai ci gaba, kuma ba za a san kamfanonin da suka taɓa tasu ba sai ranar da wani fayil mai kuskure ya sake zagaya duniya.